Mainar Ƙofar Gidan Fatoma

Na ji labarin da ke yawo a tsakaninku, wai gidan kakanku na bakin hanya ƙwace shi aka yi. Har an gaya mini ɗayanku ya daina amsa gaisuwar jikokin Alhaji Gimba saboda haka. Wannan magana ta ɓata mini rai, shi ya sa na ce bari in rubuta tun ina iya riƙe alƙalami. Ba wanda ya ƙwaci gidan Baba. Duk wanda ya zauna da Baba ya san ko tsinken sakace ba a ƙwata a hannunsa. Abin da ya faru ya fi haka tsawo, kuma da ni aka yi shi tsundum, saboda haka ku yi haƙuri da surutun tsoho.

Baba fatoma ne. Ku kun saba da otal, ba ku san fatoma ba. Shi ne mai masaukin fatake: baƙo ya zo da shanunsa ko goronsa ya sauka a gidanka, ka ba shi shimfiɗa da tuwo, ka adana masa kayansa, ka tsaya masa a kasuwa kada a cuce shi, in ya sayar ya ba ka la'adarka. Kakanmu ne ya taso da sana'ar daga Borno, ya kafa gida a bakin babbar hanyar da ta ratsa Potiskum, ya dasa cediya a ƙofar zaure. Lokacin da na yi wayo, cediyar nan ta rufe rabin hanya. Ba gidanmu kaɗai ba, layin gaba ɗaya haka yake, nan durumi, can tsamiya. Direbobin manyan motoci masu bin Kano da Maiduguri sun san in rana ta take a layinmu za su tsaya injin ya huce, su ma su huce. Inda mota ta tsaya kuwa ai ciniki ya tsaya. Ga mai shayi, ga wanzami, ga mai faci, ga mata masu tuwo. A cikin gida Iya, mahaifiyarmu, ba ta sauke tukunya, domin ba a taɓa sanin bakin mutum nawa za a ciyar kafin rana ta faɗi ba.

Bayan an gama yaƙin basasa aka zo faɗaɗa hanya. Aiki ne mai kyau, ban taɓa cewa ba mai kyau ba ne. Amma duk itacen da ya shiga awon masu aikin sai da aka kayar da shi, na layinmu kuwa kusan duka sun shiga. Ranar da aka sare cediyarmu Baba yana tsaye, hannuwansa a baya, har ta faɗi. Ya shiga gida, aka kai masa abinci aka dawo da shi yadda yake.

Kwalta ta kwanta sumul, motoci suka daina rage gudu a ƙofarmu. Me zai tsayar da direba a wurin da ko kare ba zai sami inda zai raɓa ba? Sai su wuce can ƙarshen gari inda wasu itatuwa suka tsira, su yi zango a nan. Masu tuwo suka kwashi tukwanensu suka bi su. Mai faci ya bi. Bangon zaurenmu da rana ba ta taɓa gani ba ya koma kamar tanda, baƙo ya kwana ɗaya ya ce ai yana da wani uzuri a cikin gari. Fatake ba su yi wa Baba wulaƙanci ba, sukan biyo su gaishe shi, amma shanu ba sa jira a rana saboda mutunci. Layin da da ba ka iya jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, ya zama in kaza ta yi kuka a farkonsa ka ji ta a ƙarshensa.

A lokacin ban daɗe da kama aikin malamin daji ba, ni ke kula da lambun da ake renon dashe. Wana Modu kuwa yana noma a Mamudo, kullum saƙonsa ɗaya ne: Baba ya sayar da gidan nan ya dawo kusa da shi ya huta. Ga mai saye a tsaye, Alhaji Gimba, mutum mai motocin haya, yana neman inda zai ajiye kayan gyara. Na lura Baba ya fara sauraron maganar, ni kuwa ko a mafarki ba na son a sayar. A gidan nan aka binne cibiyata. Ba na son in ga Baba, mutumin da ake sallama a ƙofarsa daga ƙasashe, ya koma zaman ɗaki a gidan ɗansa.

Na yi kwanaki ina bin layin da ƙafa, ina duba inda rana ke faɗowa da inda ruwan sama ke bi. Na zauna na zana yadda nake gani: jerin maina a kowane gefen hanya, ita ce Kanawa ke kira darbejiya, a ja da ita baya yadda ko an sake faɗaɗawa ba za a taɓa ta ba. Tsakanin itatuwa a bar gurabe inda babbar mota za ta shiga ta tsaya. Rumfuna su koma bayan jerin. A karkato da ruwan da ke gangarowa daga kwalta ya bi ta gindin kowane dashe. Babbanmu a ofis ya duba ya ce ya yi, ga dashe nan jibge a lambu, in ɗiba. Daga nan na wuce zaure na shimfiɗa wa Baba takardar. Ya dube ta a karkace, ya dube ni.

"Malamin daji," in ji shi, haka yake kirana in zai tsokane ni, "takardar ce za ta yi inuwar?"

"Baba, maina ba kamar sauran itatuwa ba ce, da sauri take tashi. Ka ba ni 'yan damina kaɗan kafin ka amsa wa Yaya Modu. In inuwa ta dawo, motoci za su dawo."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Mala."

"Haka ne, Baba. Amma ka ba ni."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Na ba ka. Sai dai ka sani ni ba yaro ba ne, daminata ba ta da yawa."

Ruwa na sauka na fito da leburori. Muka ja igiya, muka haƙa ramuka a jere ƙyam, muka dasa, muka kewaye kowane da ƙaya. Gefen kowane dashe muka kafa turke da fari da jan fenti, kamar yadda muke yi a gandun daji. Na tsaya a farkon layi na hango ƙarshensa, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin gwamnati. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Ba a yi nisa ba sai dashe ya fara ɓacewa, yau na ƙofar wanzami, gobe na ƙofar mai shayi. Duk wanda na tambaya amsarsa ɗaya: awaki ne. Awakin layinmu kuwa a shekarar nan masu hankali ne ƙwarai, sukan ɗage ƙaya, su tuge dashe da saiwarsa, su cike ramin, su mayar da ƙayar inda take. Na sake dasawa, aka sake tugewa. Raina ya ɓaci matuƙa, domin ba wanda ya fito ya ce mini ba ya so, sai fara'a da sannu da aiki.

Wata rana da hantsi na shiga gida ina ta faɗa ni kaɗai. Iya tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, ta bar ni sai da na gaji.

"Auta, wa ya dasa cediyar da aka sare?"

"Kaka."

"Ta wa ce?"

"Tamu mana, Iya."

"To wannan da ka dasa a ƙofar mai shayi, da leburorin gwamnati da fentin gwamnati, ta wa ce? Hanya ta cinye musu rabin ƙofa, yanzu ka zo ka kafa turke a sauran. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ai gudu zai yi."

"Har da ta ƙofar gidanmu?"

"Ita aka fara tugewa. Je ka tambayi akuyar, tana zaure tana jan carbi."

Al'adar nan na san ta tun ina yaro. A wurinmu wanda ya dasa itace shi ke da shi, ko ƙasar ba tasa ba ce, kuma mai itace ba a hana shi gindinsa. Mutum kan sayar da gona ya ce ban da ɗorawar da ke ciki, a rubuta haka a zukatan shaidu, jikokinsa su zo su yi ta kaɗa. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne, ni Mala ɗan Fatoma, da aka goya ni a layin nan, in na sa kakina na riƙo gwangwanin fenti, to gwamnati ce ta zo. A ganinsu yau turke ne, gobe a hana ka sare reshe, jibi a ce ƙofarka ta shiga gandu. Suna jin nauyin Baba ba za su faɗa mini ba, shi kuma Baba ya yi mini alkawarin jira, bai yi mini alkawarin barin turken hukuma a ƙofarsa ba.

Da wata damina ta kusa na koma wurin babbanmu na ce ina so in raba dashen kyauta, kowa ya dasa da hannunsa, ba igiya, ba fenti, ba lebura. Mutum ne mai adalci, bai ɓoye mini komai ba.

"Mala, in ka ba su ya zama nasu, ba aikin ofis ba ne kuma. Ba ni da abin da zan nuna wa na sama in sun zo zagaye. Ka san ana neman wanda za a tura ƙaro karatu, da aikin nan na yi niyyar in sa sunanka. Ka dasa layinka, mu sa mai gadi."

"Ranka ya daɗe, mai gadi ba zai ba su ruwa da rani ba."

"To ka zaɓa. Dashen dai ba zan hana ka ba."

Na zaɓa. Wani aka tura karatun, ya dawo ya zama shugabana, ni kuwa a kan muƙamin nan na daɗe har furfura ta fara fito mini. Mahaifiyarku ta sha yi mini gori a kai in mun yi faɗa, kuma ba ta yi ƙarya ba, da na tafi da kun tashi cikin wadatar da ta fi wadda kuka samu. Na faɗa muku ne don ku san kuɗin inuwar nan har da ku aka biya.

Na cire kaki na sa 'yar sharata, na ɗaura dashe a bayan keke. Na roƙi mai unguwa ya biyo ni, a gabansa nake miƙa wa kowane maigida nasa, in ce kyauta ce, in ka dasa taka ce kai da 'ya'yanka. Abu ɗaya na roƙa, kowa ya dasa inda ya saba zubar da ruwa. Mai shayi ya sa tasa inda yake ɗauraye kofuna. Wanzami ya sa inda yake wanke aska. Mutanen masallaci suka jera nasu a wurin alwala. Wata tsohuwa mai tuwo da ta ƙi tashi daga layin ta karɓi har biyu, ta ce ɗaya tata ɗaya ta marigayi mijinta. Guraben tsayawar mota kuwa da lallashi na same su, wani wurin na samu, wani wurin aka ce mini ƙofar ta ubana ce? Shi ya sa kuke ganin jerin nan a karkace, wata ta matso wata ta noƙe. Duk lokacin da na bi layin sai idona ya nemi igiyata, har yau ban daina ba.

Baba ne na ƙarshe. Ya karɓi tasa, ya ajiye ta a lungun zaure cikin gwangwaninta, ta yi kwanaki a nan. Ban yi masa magana ba, na san halin kayana. Wata safiya na fito zan tafi aiki na tarar ya dasa ta. Bai sa ta a gurbin cediya ba, ya sa ta gefen dakalin da yake zama ya yi alwala. Yana tsugune yana danna ƙasa da tafin hannu.

"Ka gan ta ko?" ya ce, bai ɗago ba. "Ko ganye ka tsinka sai na kai ka gaban alƙali."

Sai ga shekarar fari. Ku kun ji ta a labari, mu mun gan ta. Damina ta yi rowa, ciyawa ta ƙone tun ba ta kai idon sawu ba, rijiyoyi suka ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. Shanu suka yi ta faɗuwa a hanya kafin su iso kasuwa. Ba mai ruwan da zai ba itace, amma salla ba a fasa ta ba, kofi kuma dole a ɗauraye shi. Na sha tsayawa in kalli Baba da 'yar butarsa, ya tsuguna daidai kan dashen, ya yi alwala a hankali yadda ko ɗigo ba zai faɗi a banza ba. Dashen da muka yi da leburori a wasu wurare ya bushe ƙurmus. Na layinmu wasu sun mutu, amma mafi yawa sun riƙe, sun yi tsayin mutum.

Sai dai tsayin mutum ba ya tsayar da mota. Fatake kuwa ba su da abin da za su kawo. Tukunyar Iya ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma 'yar wadda ake dama wa mara lafiya kunu. Albashina bai taka kara ya karya ba, hatsin da muke ci daga rumbun Modu yake zuwa a kan jaki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ciyar da baƙi, yau shi ake auno wa. Wannan ya fi yunwar ci masa rai. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni zaure.

"Malamin daji, na jira ko ban jira ba?"

"Ka jira, Baba."

"Itacenka ya yi gaskiya. Ni ne ba ni da lokaci. Ka gaya wa Alhaji Gimba ya zo."

Na fita bayan gida na yi kuka, ban ji kunyar faɗa muku ba. Na bar karatu, na sa tsoho ya sha wahalar jira, ga shi abin da na guda shi ya same mu.

Ranar ciniki aka taru a zaure, ga mai unguwa, ga liman, ga Modu ya zo daga Mamudo, ga ni. Alhaji Gimba bai yi amfani da halin da muke ciki ba, ya saya da daraja, Baba ya sallama da bakinsa. Ku riƙe wannan da kyau. Liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha, sai Baba ya ce a dakata.

"Gida na sayar, daga zaure har bayan gida. Mainar ƙofa ban sayar ba."

Alhaji Gimba ya yi dariya. "Baba Fatoma, wannan da ba ta wuce kafaɗata ba?"

"Ita. Ni na dasa ta."

Liman ya ce haka al'ada take, mai unguwa ya ce a gabansa aka ba shi dashen. Alhaji Gimba ya daina dariya, ya ce ya yarda, shaidu su shaida.

"Amma Baba, kana Mamudo, wa zai ba ta ruwa?"

"Ba kana salla ba? Ka yi alwalarka a gindinta. Aro na ba ka."

Haka su Baba suka koma Mamudo, ni kuma ba da daɗewa ba aka mayar da ni wajen Fika. Alhaji Gimba ya riƙe amanar nan, shi da yaransa, har ya sa aka kewaye ta da tsofaffin tayoyi don kada mota ta goge ta. Baba kuwa bai iya zaman ɗaki ba. Duk ranar kasuwa sai ya hau motar da ta samu, da buzunsa da butarsa, ya zo ya shimfiɗa a gindin mainarsa, ya juya wa zauren baya. Da farko inuwar kansa kawai take rufewa, yana matsawa tana matsawa. Ruwa ya dawo, itatuwan suka yi rassa, na wannan ƙofa ya taɓo na waccan. Wata rana wani direba ya faka a gurbin kusa da mai shayi ya buɗe kan motarsa, wani ya gani ya faka a bayansa. Masu tuwo suka fara dawowa da tukwanensu kamar ba su ne suka tafi ba. Layin ya tashi, Alhaji Gimba ya ci ribar wurin, kuma halalinsa ne. Mu ba mu da gida a ciki.

Na zo hutu wata rana na zauna kusa da Baba, a lokacin ƙarfinsa ya ragu sosai, sai an kama shi yake sauka daga mota. Muna zaune sai ga wani dattijon Bafillace ya nufo mu, da sandarsa da 'yar jakarsa a kafaɗa. Jauro Hammadu ne, tsohon baƙon Baba. Fari ya cinye masa garke, ya yi shekaru bai taka Potiskum ba, yanzu ya ɗan farfaɗo ya koro 'yan bijimai. Bai san an sayar da gidan ba. Suka daɗe suna gaisawa, suna lissafa waɗanda suka rasu. Sannan Jauro ya dubi ƙofar zauren, ya ga tulin tayoyi da yara masu baƙin mai a hannu, ya sake duban Baba.

"Fatoma, yau ina zan sauka?"

Baba bai waiwaya ya dubi zauren ba. Sai ya dafa ƙasa ya muskuta gefe, ya bar rabin buzun a fili.

"Sauka nan."

Jauro ya dubi buzun, ya ɗaga kai ya dubi rassan, na ga ya gane. Ya jingina sandarsa a jikin mainar, ya rataye jakarsa a reshe, ya tuɓe takalma ya zauna. Ni kuwa na kasa motsi, idona ya cika. Baba ya juyo ya harare ni.

"Malamin daji, me kake kallo? Tashi ka ce wa mai shayi na yi baƙo."